Tabon Salatif a Fitilar Baba

Layin motoci ya fara motsi a tashar jirgin ruwa ta Dover, amma Tamsin tana tsugune gaban tsohuwar motar mahaifinta, baƙin salatif a hannu, ta rasa inda za ta manna shi.

Shekara ashirin marigayin yana tsallakawa Faransa da motar nan. A ƙasarsu hagu ake bi, don haka ta hagu hasken fitilun motar yake ɗagawa don a ga gefen titi. A can kuwa dama ake bi, sai ya zuba a idon mai tahowa. Shi ya sa marigayin yake toshe wani yanki na gilashin da salatif, kullum wuri ɗaya, har danƙo ya bar tabo. Tabon nan Tamsin ta kankare makon jiya, a zatonta datti ne.

Mahaifiyarta Glenda ta leƙo ta taga. Jikanta na fari za ta gani a garin Lille na Faransa, kwanansa huɗu a duniya, kuma kafin su sauka daga jirgi duhun hunturu ya rufa.

"'Yar nan, ni fa ba zan makantar da 'ya'yan mutane don in ga nawa ba. In ya gagara, mu juya gida."

"Ba inda za mu juya, Mama."

Direban farar babbar motar da ke gabansu ya tako, yana kurɓar shayi.

"'Yata, rufe su duka biyun mana ki huta. Ba mai cewa kin haske shi!"

Tamsin ba ta iya magana da baƙo ba, ko a shago da yatsa take nunawa. Sai idonta ya sauka a bayan motarsa, fari tas kamar bango.

"Baba, don Allah kar ka ja gaba tukuna," ta ce. "Ara min bayan motarka."

Ta kunna fitila. Yamma ta yi lis, ga hadari, hasken ya fito sarai a jikin farin ƙarfen: layi a kwance, da wata jela da ta miƙe sama ta hagu. Ta koma ta ɗora tafin hannu a gilashin, tana jansa a hankali.

"Yi ƙasa!" Glenda ta ɗaga murya. "Ƙasa na ce, ke da kunnen ƙashi irin na ubanki! Kaɗan kuma. Tsaya nan!"

Jelar ta ɓace.

"Mama, ina kika san wannan?"

"Wa kike zaton ya nuna masa ranar farko? Shi dai mannawa ya iya, da cika baki."

Na baya suka fara danna oda. Tamsin ba ta ko waiga ba. Ta yanki salatif da haƙori, ta manna, ta koma ɗaya fitilar, uwar tana ba da umarni, direban ya tsaya yana ɗaga wa masu oda kofin shayinsa.

Daga Calais, inda jirgi ya sauke su, har Lille motoci masu tahowa suka yi ta wuce su a duhu. Tamsin ta riƙe sitiyari gam tana jiran wani ya walƙa mata fitila don fushi. Ko ɗaya.

Da safe, Glenda na ciki rungume da jariri, Tamsin ta ɗauko jan farcen mahaifiyarta daga jaka. Ta fita cikin sanyi, ta tsuguna, ta zagaye gefen kowane salatif da siririn jan layi don kada wurin ya sake ɓace mata, ta zauna tana hura masa iska har ya bushe.