Kujerar Layin Baya

...satar amsa fa. Satar amsa! 'Yata. Ni da ko ƙwayar maganin ciwon kai ban taɓa ɗauka a kantin maganin da nake aiki ba sai na sanar da mai kantin, ni ce yau zaune a ƙofar ofishin shugaban makaranta kamar wadda aka kamo da akuyar mutane. Bencin ma ƙafarsa ɗaya gajera ce, ina motsawa yana ƙara. Sau uku, in ji takardar. Sau uku an kama Bebi tana leƙen littafin maƙwabciyarta a aji, kuma in iyaye ba su zo yau ba, babu ita babu jarrabawar ƙarshen shekara, sai ta maimaita aji huɗu. To ga ni! Na rufe kantin mutane, na bar tsohuwa mai hawan jini tana jira, na zo. Shi kuma shugaban wai yana taro.

Maimaita aji... Auta na biye da ita a aji uku, su haɗu ke nan a aji ɗaya? Yaron da bakinsa ba ya rufuwa? Ai kafin sati ya gama da ita.

Kuma a ce ni ce ban kula ba, wallahi da na yi shiru. Amma wace uwa ce a layinmu ta karanta shafi ɗari uku da goma sha biyu kan tarbiyya da karatun yara? Wace ce? Wurin mai baza littattafai a gefen kantinmu na sayi littafin, mai hoton yara suna ta washe baki a bangonsa — yaran da ba su taɓa ɓatar da takalmi ƙafa ɗaya ba, ka gani ka sani. Kwana tara ina karantawa tsakanin mai tari da mai gudawa, jan biro a hannu, ina jan layi. Ga shi nan ma a jaka, yana danne min cinya.

Kada ki ɗaga murya, in ji shi. Na daina. Ni! Wata uku ina haɗiye tsawa har maƙogwaro ya fara min ciwo. Ki liƙa jadawali a bango — na liƙa. Ki ba yaro tauraro in ya yi abin kirki — na yanka taurari da almakashin ɗinki, Auta ya kwashe ya manna wa kyanwa. Yayansu, shi da ya fara gemu uku ya ɗauka ya gama sanin duniya, yana ganina da littafin sai ya ce, "Mama, yau babi na nawa za a gwada a kanmu?" Ɗan banza. Na so in yi dariya, littafin bai ce a yi ba.

Babansu kuwa... hm. Yana can bisa hanya da babbar motarsa, na kira shi da safe ina karanta masa takardar, sai cewa ya yi, "Ke da malaminki na jaka, ki tambaye shi mana." Sannan wai ba ya ji sosai. Kullum in magana ta zo kan makaranta sai layi ya lalace.

Jiya da la'asar na durƙusa, ido cikin ido kamar yadda babi na shida ya ce, gwiwa tana min ƙara. Bebi, me kike ji a ranki? "Ba komai." Me ya sa kike leƙen littafin mutane? Ba komai! Yarinyar da a zangon farko ta zo ta huɗu a aji. Ta huɗu fa, kuma na ce bai isa ba, don na san kanta ya fi haka, surutu ne kawai ya yi mata yawa, ita da 'yar mai gyaran agogo, a layin gaba, kai da kai kullum suna ƙus-ƙus. Babi na tara ya faɗa ɓaro-ɓaro: a raba yaro da abokin surutu. Na zauna na rubuta wa malamarsu takarda, da rubutuna mai kyau, har da ina godiya. Aka raba su. Aka mai da ita can baya jikin bango, babu mai ɗauke mata hankali. To me ya rage? Me kuma ban yi ba, jama'a?

Wannan taron nasu, duniya suke rabawa ne?

Ga ajin ma can, tagar a buɗe. Malama ta juya baya tana rubutu a allo, alli yana ƙiƙ-ƙiƙ har nan. Kawuna suna ɗagawa suna sunkuyawa kamar kaji a bakin ruwa. Ina take... ga ta. Kitson da na yi mata ranar Asabar har ya fara tashi. Zauna daidai mana, ke! Dubi yadda take miƙa wuya. Dubi fuska, ta tattare ta kamar mai shan magani mai ɗaci, ta ƙanƙance ido, ta sa yatsa tana jan gefen idon — wannan wane sabon salo ne kuma? Ɗaga kai. Ƙanƙance ido. Biro a tsaye, bai taɓa takarda ba.

Ga shi! Ga shi nan, a gaban idona! Ta karkata, tana leƙen littafin ta kusa da ita. Ke Bebi, don Allah, ina zaune a nan ki —

Tsaya.

Malama ba ta ma gama rubutun ba. Alli na hannunta. Ba wanda ya fara amsa komai, kowa kwafa yake daga allo. To wace amsa ce za a sata? Babu amsa tukuna...

Tambayar take kwafa.

Ta leƙa, ta rubuta kalma biyu. Ta ɗaga kai wajen allo, ta ja gefen idon nan, ta haƙura. Ta sake leƙawa. Inna lillahi... Mutum nawa ne suke shigo min kanti da wannan fuskar, suna kai kwalin magani har bakin hanci, in ce musu, baba je a auna maka ido, kada ka tsaya wasa? Mutum nawa a sati? A layin gaba tana gani. Shi ya sa ta zo ta huɗu. 'Yar mai gyaran agogon ma, ƙus-ƙus ɗin nan... ko karanta mata take yi?

Wata uku a jikin bango. Kuma ba ta ce komai ba — me za ta ce? Ta ɗauka haka allo yake wa kowa daga can.

Ƙofa tana buɗewa. Kujeru na ƙara, malamai na fitowa. "Maman Bebi? Bismillah, shigo," in ji shugaban. Ina da jawabin da na shirya tun a mota, mai sanyi, babu ɗaga murya, ina yake... Zai tambaye ni wa ya ce a mai da ita baya. Takardar da na rubuta tana cikin fayil ɗinsa, na sani, da sa hannuna a ƙasa.

Ta sake karkatawa. Malama tana juyowa — za ta gan ta, yanzu za ta gan ta, na huɗu ke nan —

"Maman Bebi?"

Ina zuwa, ranka ya daɗe. Ina zuwa.