Direban Tirela a Kan Taya Biyu

Wata uku cur direban tirela da matarsa, malamar asibiti, suna shirin tafiyar kwana arba'in a kan keke. Babu wanda bai sha labari ba, har mai wankin unguwa. Ita ta auna kowace jaka a sikeli, ta haɗa faci da famfo da tanti, kullum da safe tana zagaya unguwa a kan kekenta don ƙafa ta saba. Shi kuwa gogan naka, duk ranar da ta ce ya fito, sai ya ce yana nazarin taswira.

Saura kwana huɗu ta ritsa shi a ƙofar gida. "Maigida, yau kam sai ka hau, mu ga ko sirdin ya yi maka."

Ya hau. Ko taku biyu bai yi ba ya kife cikin kwata, ƙafafu a sama.

Baiwar Allah ta rugo bakin kwatar tana leƙensa. Mutumin da ke juya tirela da hannu ɗaya!

"Birki ne?"

"Ba birki ba ne," ya ce daga ƙasa. "Ni fa ban taɓa hawa ba. Na ɗauka mai sarrafa taya goma sha takwas, biyu ba za su gagare shi ba."

"Innalillahi! Wata uku kana kallona ina haki?"

Maƙwabta har sun fara leƙe. In aka fasa tafiyar nan, sun samu abin dariyar shekara. Ta gyara ɗaurin zani, ta kama sirdin ta baya.

"Tashi ka hau. In na sake ka, kada ka waiwayo."