Ɗan da Saratu Ta Bayar

Salula tana ta ruri a hannun Basira, Iya Saratu kuwa tana kwance kan tabarma tana girgiza kai.

"Shi ne," in ji Basira. "Yau kam sai na gaya masa."

"Tashe ni zaune tukuna."

Basira ta tallafo ta, ta jingina ta da bango. Tsohuwar ba ta fi nauyin damin kara ba. Amma da aka kara mata wayar a kunne, sai ga murya garau, irin wadda ta daɗe tana tallar man gyaɗa da ita a kasuwar Matameye.

"Malam, ya aiki? Ya mutanenka? Mu muna nan cikin alherin Ubangiji. An yi ruwa wajenku?"

Malam ɗin nan Barnaba ne, ɗanta tilo, mai wa'azi a wata ƙaramar majami'a can bayan Gure, ƙauyen da mota ba ta shiga sai ranar kasuwa. Kowace Lahadi yana kiran wayar Basira, maƙwabciyarsu, don uwar ba ta da waya. Saratu ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Da ya tambayi jikinta, sai ta ɗauko zancen gero da na awaki har kuɗin wayarsa su ƙare.

Tana miƙo salular ta sulale ƙasa, tari ya sarƙe ta. Haushi ya kama Basira, ga kuma tausayi.

"Iya, wannan ba daidai ba ne. Tun bazara kike kwance. A likita sun ce mu dawo da ke gida, kin kuma san abin da hakan ke nufi. Ɗa guda gare ki, ki hana shi ganinki?"

"Ba nawa ba ne, 'yar nan."

"To na wa ne? Ni na haife shi?"

Saratu ta ɗan murmusa. "Na daɗe a ɗakin miji ko ɓari ban yi ba. Ran nan na durƙusa na ce, ya Ubangiji, in ka ba ni ɗa, zan mayar maka da shi ya yi maka hidima muddin ransa. Ya ba ni. Na goya, na yaye, na miƙa." Ta huta. "Bara da ya zo ya tarar ina tari, cewa ya yi zai ajiye aikin ya dawo ya kula da ni. Na san halinsa. In ya gan ni haka, ba zai koma ba. Sai in je gaban Ubangiji in ce na ba ka, na kuma karɓe?"

Basira musulma ce, ta san nauyin bakance. Alkawari kaya ne, ba wanda zai koya mata. Amma ita ke dama wa tsohuwar kunu, ita ke juya ta, kuma sau da yawa ta gan ta ta ƙura wa ƙofa ido in an yi sallama da muryar namiji.

Ranar Talata ta zaga bayan rumbu ta kira shi.

"Barnaba, in kana son ka tarar da ita, ka taso."

Ya ce, "Na ji a muryarta, Yaya Basira. Ina ta jira ne wani ya faɗa mini."

Sai ranar Juma'a da la'asar ya iso, ya rame, da 'yar jakarsa a kafaɗa. Basira ta biyo shi ɗakin. Saratu ta buɗe ido ta gan shi. Hannunta ya ɗaga zai kamo shi, ta mayar da shi ƙarƙashin zane, ta juya fuska wajen bango.

"Wa ka bar wa mutanenka?"

Ya durƙusa. "Iya, na zo ne in koma. Sun san ina nan, su ne ma suka rako ni bakin mota. Ba zan ajiye aikin ba."

"Ka faɗa a gaban Basira."

"Na faɗa a gaban Ubangiji."

Sannan ta juyo. Ta kama kansa da hannu biyu, tana shafa gashinsa, tana kuka ba sauti. Ta sha kunu daga hannunsa, har ta yi masa faɗan rama. Washegari da hantsi yana yi mata addu'a, hannunta cikin nasa, ta cika.

'Yan majami'a suka zo da waƙoƙinsu, 'yan unguwa suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Aka kai ta, aka dawo, aka zauna karɓar gaisuwa. Dattawan unguwa suka ce ya zauna mana, ga gida, ga gona. Basira ma a ranta haka ta so, don gidan Iya ya yi mata faɗi da yawa yanzu da ba kowa a ciki.

Ranar da zai tafi ya miƙa mata makullin ɗakin. Ta karɓi jakarsa ta ɗora a kai.

"Haba Yaya, ki bar shi. Iya ma ba ta taɓa rako ni ko zaure ba."

Sai a lokacin Basira ta gane dalili, don ita ma maganar tana nan a bakinta: ka zauna. Ta haɗiye ta. Ta raka shi har tasha, ta tsaya gefen mai sayar da rake, makullin a dunƙule cikin hannunta, har motar Zinder ta cika ta tashi.