Niƙan Kyauta a Injin Saje

"Baba Saje, wai da gaske injinka ne ya cinye maka yatsu?"

Balaraba tana bayan katangar zaure tana tankaɗe ta ji muryar 'yarta Saude. Rariyar ta tsaya cak a hannunta. Ruwa ta aiki yarinyar ta kai wa baƙi, ba magana ba.

Can sai Saje Atiku ya yi dariya, irin wadda ba ta wuce maƙogwaro.

"Ɗayyabu, wannan taka ce? Shekararta nawa?"

"Bakwai, ranka ya daɗe. Ƙuruciya ce, a yi haƙuri."

"A'a, ƙyale ta. Zo nan, 'yar Baba. Wa ya gaya miki haka?"

"Innata. Ta ce kar in je kusa da bel."

"Innarki," in ji Saje, a hankali, kamar mai ɗanɗana miya. "To, ki gaishe ta. Ki ce Saje ya ji."

Ba wanda bai san maganar yatsun nan ba a Sabuwar Unguwa, faɗa ne kawai ba a yi. Shekarar da ruwan Tiga ya haɗiye tsohon garinsu aka kwaso su aka zube a kan wannan tudu, shekarar ce Saje ya bar soja, ya zo ya kafa injin niƙa a bakin kasuwa. Yaƙi kam ya yi shi, ba mai ƙwace masa wannan. Harsashi ya ratsa masa cinya a can kudu, sai dai cinya ba wurin da ake nunawa a taro ba ce. Yatsu biyun hannun dama kuwa bel ne ya tsinke su, wata ranar Laraba, yana ƙoƙarin mayar da shi kan ƙafar inji bai kashe injin ba. Ɗayyabu ne ya goya shi a keke zuwa asibiti. Balaraba ce ta wanke rigar mijinta, sau uku tana sauya ruwa. Da Saje ya warke, shi da kansa ya sa maƙeri ya kewaye bel ɗin da ragar ƙarfe, tsayin ƙirjin babban mutum.

Shekara biyar ragar nan tana wurin. Sai ga shi bana soja sun ce za su miƙa mulki, Saje ya tsaya takarar majalisa. A Ƙofa, a Kiru, a Tudun Wada, har can Doguwa bayan dajin Falgore, inda ba wanda ya san ranar Larabar nan, sai ya ɗaga hannun dama sama ya ce, "Wannan na ba ƙasa. Ku me za ku ba ni?" Mata su rangaɗa guɗa, samari su yi ta ihu.

Motar da yake yawon kamfen da ita akori-kura ce, bayanta ba abin dafawa. Ran nan ya yi tangaɗi a kan hanyar Kiru, ya kusa faɗowa a gaban jama'a. Washegari aka kwance ragar inji aka liƙa ta a bayan mota, aka ɗaura lasifika biyu a jikinta. Injin kuma ya bar shi a hannun Kofur Shitu, tsohon abokinsa na soja, mutumin kirki, amma ƙarar igwa ta kashe masa kunnuwa tun a fagen fama. Ko a gefensa ka tsaya kana kururuwa, sai dai ya dubi bakinka ya yi murmushi.

Ana haka mai shela ya zaga unguwa: daga yau har gab da zaɓe, niƙa kyauta ne a injin Saje.

Da baƙin suka tafi Ɗayyabu ya shigo, hularsa a hannu.

"Balaraba, kin kashe ni."

"Malam, ni na cire ragar? Yarinya na gargaɗa."

"Ki gargaɗe ta mana, amma sai kin haɗa da yatsun mutum? Kin san wa ke shugabantar rabon fegi a bakin ruwa bayan damina?"

Ta sani, Saje ne. Fegin nan da suke albasa da tumatir a cikinsa da rani shi ne kaɗai abin da aka ba su a madadin gonar mahaifin Ɗayyabu, wadda yanzu kifi ke yawo a kanta. Ta kuma san abin da kowa ya sani game da kwanukan niƙa. Matan aure ba sa zuwa inji, 'yan mata ake aikawa, su jera kwanuka a ƙasa su jira layi. Kowane kwano da alamarsa: na wannan gida da jan zare a kunne, na wancan da lotsawa a gindi, nata da ɗigon shuɗin fenti. Kullum da hantsi, kafin mota ta ɗauki hanya, Saje yakan tsaya a ƙofar inji ya bi layin da kallo. Ba ya tambaya, ba ya rubutu. Kallo ɗaya ya ishe shi ya san gidan da ya ƙi kyautarsa.

"Kwanona ba zai je ba," in ji ta. "Yara sun fi hamsin a ɗaki ɗaya suna ture-ture, bel tsirara, mai kula da shi ba ya ji. Na binne 'ya ɗaya shekarar da muka taso, Malam. Ba zan miƙa ta biyu da hannuna ba."

Ya saka hularsa ya fita.

A kusurwar gidan akwai dutsen niƙan kakarta. Ranar tashi daga tsohon gari mutane sun yi mata dariya da ta nace sai an ɗora shi a mota, ana ga inji zai zo. Ta kawar da tarkacen da ke kansa, ta wanke, ta durƙusa. Da sassafe ta fara. Gurr, gurr. Abin da ba ta lissafa ba shi ne, shekara biyar ba a ji wannan sauti a unguwar ba, kuma dutsen yana jingine da katangar da ta raba ta da maƙwabta.

A rana ta biyu maƙwabciyarta Maimuna ta leƙo ta saman katanga.

"Sannu da aiki, uwar 'yan adawa."

"Wace adawa, Yaya Maimuna? Dawa ce nake niƙawa."

"Ai shi ne. Ana niƙa kyauta ke kina kashe gwiwa. Har a masallaci an yi zancen dutsenki, in gaya miki. Wai gidan Ɗayyabu sun fi ƙarfin garin Saje."

"Ke kin ga yadda bel ɗin nan yake yanzu?"

"Ina zan gani? Yara dai suna zuwa suna dawowa lafiya. Kofur ya ja layi da toka a ƙasa, ya ce kar a tsallake."

"Toka," in ji Balaraba. Ta ci gaba da niƙanta.

Kwana goma tana yi. Tafin hannunta ya yi kanta, bayanta ya riƙe. Mutane suka rage zama a zauren Ɗayyabu. Wanda suke haɗa rainon irin albasa da shi ya ce bana ya riga ya haɗa da wani. Wata rana da la'asar motar kamfen ta dawo daga Tudun Wada, maimakon ta wuce sai ta tsaya daidai ƙofar gidansu, lasifika a kashe, injinta yana ta diri. Ba wanda ya sauko. Balaraba ta hango ragar ta saman katanga, an lulluɓe ta da tutoci. Motar ta ɗan jima, sannan ta ja a hankali.

Saura kwana uku zaɓe, da hantsi, Balaraba tana bayan ɗaki tana yi wa jaririnta wanka. Da ta fito ta ga tsakar gida wayam. Ta duba inda take kife kwanuka: mai shuɗin ɗigo ba ya nan. Ɗayyabu yana tsaye a bakin zaure, ya kasa haɗa ido da ita.

"Ina Saude?"

"Ajiyewa kawai za ta yi, ya gani, ta dawo. Na ja mata kunne. Sau ɗaya ne, Balaraba, sau ɗaya..."

Ta dangwara masa jaririn a hannu, da jiƙarsa da komai. Ta fizgi mayafi a kan igiya ta fita. Tun da aka kawo ta unguwar ba ta taɓa ratsa kasuwa da rana tsaka ba. Mahauta suka bar yanka suna kallonta. Ba ta ga kowa ba, ƙarar inji kawai take bi, tuf-tuf-tuf, tana ƙara kusantowa.

Ɗakin cike yake da ƙurar gari da hayaƙi da 'yan mata. An ce ranar ce ta ƙarshe kafin a rufe don zaɓe, kowane gida ya aiko da kwano biyu. Layin tokar nan ƙafafu sun share shi tuntuni. Kofur Shitu ya juya baya yana zuba tsaba a bakin inji. Bel yana ta gudu a fili, baƙi, yana kaɗawa yana tas-tas.

Ta hango Saude. Yarinyar ta ajiye kwanon kamar yadda aka ce, amma manyan 'yan mata sun ture shi gaba, ita kuma ta san in ta koma ba kwano za a yi faɗa. Ta sunkuya za ta jawo shi. Bakin ɗankwalinta yana lilo, tazarar yatsa tsakaninsa da bel.

"Saude!"

Ko ita ba ta ji muryar kanta ba. Ta kutsa, ta tattake kwanuka, gari ya tashi. Daidai lokacin da hannunta ya kai ƙugun yarinyar, bel ya cafki ɗankwalin. Kan Saude ya fizgu gefe. Balaraba ta rungume ta da hannu biyu ta faɗi da baya da iya ƙarfinta. Wani abu ya tsage. Suka zube a ƙasa tare.

Ɗankwalin yana ta zagaye da bel, da kitso biyu a jikinsa.

Watsewar yara ce ta sa Kofur ya waiwayo. Ya kashe injin. Cikin shirun da ya biyo baya aka ji kukan Saude. Jini yana bin bayan kunnenta na hagu. Tsohon sojan ya durƙusa a cikin gari, yana magana da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa.

"Na gaya masa! Wallahi sau uku na ce a dawo da ragar!"

Malamin asibiti ya ɗinke wurin, ya ce Allah ya taƙaita, amma gashi ba zai sake fitowa a nan ba.

Washegari Saje ya zo dubiya, da sabon ɗankwali a leda. Wannan karon Balaraba ba ta tsaya bayan katanga ba, ta zo bakin zaure ta tsaya. Ya ɗaga haɓar Saude da yatsunsa uku, ya duba ɗinkin kamar mai duba kaya.

"Tabo ne kawai, 'yar Baba. Shi tabo yadda aka ba da labarinsa haka yake zama." Ya juya ga Ɗayyabu. "Na ji an ce faɗuwa ta yi a kan dutsen niƙan uwarta. Ko ba haka ba?"

Ɗayyabu ya ɗago kai ya dube shi.

"Ranka ya daɗe, ni na kai ka asibiti ranar Larabar nan," ya ce. "Ni kuma na kai wannan jiya. Abu ɗaya ne ya ci ku."

Saje ya yi murmushi, ya ajiye ledar a kan tabarma, ya miƙe.

"Allah ya kai mu rani," ya ce.

Ya ci zaɓe. Aka yi kwana biyu ana kiɗa. Da rani ya zo aka ba wani fegin Ɗayyabu, shi aka tura shi can ƙarshen tudu inda sai an yi jigilar ruwa da garwa. Bai taɓa ce wa Balaraba ita ta jawo ba. Shi da kansa ya mirgino dutsen niƙan daga jikin katanga ya kawo shi ƙarƙashin inuwa, don kar rana ta riƙa dukanta. Saude takan zauna kusa tana share gari a faifai, ɗankwalinta a karkace ta ɓangaren hagu.

Motar tana Kano yanzu, ragar tana bayanta, an ce har an yi mata fenti. Kofur Shitu ya ajiye aikin ya koma garinsu, an kawo wani. Maimuna ta aro ɗan dutse, gidaje uku ko huɗu ma sun tono nasu. Sauran kuwa, kullum da hantsi injin yana tashi, 'yan mata suna wucewa ta ƙofar gidan Balaraba da kwanuka a ka, suna dariya, bakin ɗankwalinsu yana lilo.

Ke da kike karanta wannan, in kina da 'yar da kike aikawa niƙa, kar ki tsaya a kan abin da maƙwabciya ta ce. Ki yafa mayafinki ki je ki ga bel ɗin da idonki. In ba raga, kar ki miƙa mata kwanon, ko da kyauta ne, ko da wa zai ji haushi.