Laimar Kwaɗi ta Gindin Suri

Tun da ciwo ya kwantar da Inna Turai a Kurugu, duk abin da aka kai bakinta sai ta kau da kai. Ranar da autarta Sadiƙa ta zo jinya daga Rogo, tsohuwar ta ce abu ɗaya take marmari: miyar laimar kwaɗi, 'yar ƙaramar nan mai ruwan ƙasa da ke fita a kurmin bayan gari in an yi ruwa.

Sadiƙa ko ɗanɗana ta ba ta taɓa yi ba. Tana yarinya, in Inna ta ce ta raka ta tsinka, sai ta toshe hanci ta ce ita ba kwaɗo ba ce. Amma wannan karon, washegari da safe ta ɗauki ƙwarya ta shiga kurmin. Ga su nan birjik, wasu a ruɓaɓɓen kututture, wasu a gindin suri, duk iri ɗaya a idonta. Ta bi su da wuƙa. Sadiƙa kuwa akwai tsaftar tsiya. Ta datse gindinsu, ta wanke su tas, ta kawo suna sheƙi.

Idon Inna ya daɗe da tafiya. Ta laluba ƙwaryar, ta kai ɗaya hanci.

"Auta, ina saiwar?"

"Na yanke, Inna, duk ƙasa ce."

"Wannan a ina kika tsinko ta?"

Sadiƙa kuwa duk ta riga ta haɗe su wuri ɗaya.

"Wadda nake ci a gindin suri take fita," in ji Inna. "Saiwarta doguwa ce kamar jelar ɓera, tana ƙamshin ƙasar gara. Ta kututture kuwa kisa take yi. Da saiwar nake gane su."

Ta daɗe tana juya ta a hannu tana haɗiyar yawu, sannan ta mayar.

"Zubar, nesa da awaki. Allah ya yi miki albarka. In an sake ruwa, ki tono mini da ƙasarta."

Ashe ruwan ƙarshen damina ke nan. Kullum Sadiƙa tana duban gabas, baƙin ciki kamar ya kashe ta, hadari ko ƙyalle babu. Kafin a gama cirar gyaɗa Inna ta rasu.

Da damina ta zagayo, Sadiƙa ta koma kurmin, ta durƙusa gindin suri ta tono ɗaya a hankali, da doguwar saiwarta da ƙasarta. Sai da ta kawo ƙofar ɗakin Inna, sannan ta tsaya cak. Babu wanda za ta tambaya ko ita ce.