Gajeriyar Ƙofar Baba Gide

Duk ƙasar Faskari ba a yi magini kamar Baba Gide ba, shi ma bai taɓa ɓoye wa kowa haka ba. Shekara hamsin yana cuɗa ƙasa da ƙafarsa, bai san alƙalami ba, amma katangar da ya ɗora ba ta faɗuwa.

Ɗansa Mas'udu ya dawo daga Kano ya gina kanti a bakin kasuwar Yankara, gaba duk gilashi, sauran bulo. Mai saye ya shiga ya ɗebi madara ko turare ko atamfa da hannunsa. Hafiza 'yar Mas'udu, wadda ke zaman kantin, ta ce sak kantunan da ke cikin littattafan hikaya, inda kaya ke kiran mutum tun daga titi.

A bayan kantin akwai tsohon soron Baba Gide, ginin tubali, kaurin bangonsa kamu biyu, ƙofarsa sai ka sunkuya.

"Baba, a rushe wanga kogo mu faɗaɗa," in ji Mas'udu. "Ƙofa kamar ta akurki!"

"Akurkin nan aka haife ka. Bulonka ƙwanƙwasa shi ka ji, cikinsa iska."

Ranar kasuwa, bayan azahar, babura suka kwararo daga daji, mutum uku uku, bindiga a kafaɗa. Kayan da ke kiran masu saye su suka fara kiran ɓarayi. Harbin farko gilashin ya zube. Badamasi mai nama ya laɓe a bayan bulo, harsashi ya ratsa bulon ya fasa masa ƙirji. Mas'udu ya faɗi, cinya na tsiyayar jini.

Baba Gide bai gudu ba. Bai taɓa gudu ba. Ya shiga kantin ta ƙofar baya, ya ja Mas'udu ta wuyan riga har cikin soro, ya tura Hafiza ciki, fuskarta duk tsagar gilashi. Wani ɗan bindiga mai jan rawani ya hango ta.

"A fito da yarinyar!"

Suka buɗe wa soron wuta. Bangon ya dinga haɗiye harsashi, ƙasa na zubowa kaɗan kaɗan. Hafiza ta ƙanƙame ƙafar kakanta tana salati.

"Sake ni, 'yar nan. Miƙo maɗaɓin can."

Icen da yake daɓe ɗaki da shi ne, nauyinsa kamar taɓarya. Ya raɓe a gefen ƙofa. Mai jan rawani ya gaji da harbi, ya zo shiga. Dole ya sunkuya, dole bakin bindiga ya kalli ƙasa, ƙeyarsa ta riga shi shigowa. Baba Gide ya sauke masa icen. Sau ɗaya. Gangar jikinsa ta toshe ƙofar, ƙafafu na shure-shure a waje. Na biyu ya duƙo zai ja shi, icen ya same shi a baki, ya bar haƙoransa a bakin ƙofa.

Jin harbin 'yan banga daga gabas, sauran suka kwashi atamfa da madara suka hau babura.

Hafiza ta fito da ranta. Mas'udu yana ɗingishi har yau. Da ya warke ya aiko da siminti a toshe ramukan bangon.

"Mai da shi," in ji Baba Gide. "Goma sha tara ne, na ƙirga. Wanda ke son gani ya zo, amma ya sunkuya."