Kuɗin da Ba Ya Gulma

Duk wanda ya san kwatar Sokode ya san Wahabu ɗan Talle mahauci, wanda aka tura jami'a a Lome ya karanta lissafi, ya dawo da tabarau a ido da bakin da ya fi wuƙar ubansa kaifi. Ka tambaye shi binciken me yake yi, sai ya gyara wuyan riga ya ce, "Kuɗin da ba ya gulma."

Kuma da gaskiyarsa, kuɗin waya gulma gare shi. Ka je kiyos ka ciri kuɗin bijimi guda, mai kiyos ya ga sunanka, ya ga lambarka, kafin ka isa gida labari ya riga ka, wata rana ma har da masu adda a hanya. Haka aka yi wa Belel, Bafulatanin Gando da ke kawo wa Talle shanu tun Wahabu na yawo ba wando. Bara aka tare shi, aka bar masa tabo a kafaɗa.

Shi ya sa da Wahabu ya gama haɗa manhajarsa, ya raɗa mata suna Rufin Asiri, yana neman 'yan gwaji, wayar Belel ya fara cafkewa.

"Baffa, ka ɗauka ka sa takarda a ambulan ka liƙe. Ni na buga hatimi daga waje, hatimin ya ratsa ciki, takardar kuwa ban gan ta ba. Gobe wani ya kawo min ita, na gane hatimina, na biya shi. Wa ya ba shi? Ko ni da na ƙera abin ban sani ba."

"Ashe kai ma makaho ne," in ji Belel.

"Makaho mai digiri."

"To ciniki ba shaida? Mu ko akuya ba ma sayarwa sai da mutum na uku a tsaye."

"Ai mutum na ukun nan shi ya sa aka sare ka, Baffa. Kawo wayar. Kai, wannan waya ce ko dutsen guga?"

Mahauta suka kwashe da dariya, Belel ma ya dara, ya miƙa.

Abin ya yi aiki kuwa. Talle ya biya Belel ta ciki, Belel ya tura inda zai tura, wani mai shago a Dapaong yana canza wa mutane zuwa sefa. Malamin Wahabu ya sa ɗalibai su fasa tsarin, suka yi ta fama har suka haƙura. Wahabu ya koma tafiya a zango kamar shi ya shimfiɗa titin.

Ran wata Laraba yana cikin shan koko da ƙosai waya ta shigo. Alassani ne, babban ɗan Belel, wanda ke bin garke a dajin Gando.

"Wahabu, an riƙe tsoho."

A shingen shiga Dapaong aka tsayar da motar da Belel ke ciki. Arewacin ƙasar yanzu ba kamar da ba ne, tun da 'yan bindiga suka shiga daji, kowa sai an duba wayarsa, balle mai rawani da sanda. Suka ga manhajar da ba su sani ba, suka ga kuɗi mai kauri ya fita, babu suna, babu lamba. Suka tambaye shi wa ya tura wa.

"Ai ni ya turo wa," in ji Alassani. "Na allurar shanu da dusa."

"To me ya hana shi faɗa?"

"Kai ma ka sani."

Wahabu ya ajiye ƙosan. Ya sani mana. Belel tunda ya haifi Alassani bai taɓa furta sunansa ba, ɗan fari ne, kunya ce. Sai dai ya ce "wancan," ko "yaron can." Da masu kaki suka matsa masa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Wani ne can a daji." A zamanin nan, a Dapaong, dattijo ya ce wani ne can a daji!

Talle bai ɗaga murya ba. Ya goge wuƙa a gefen riga ya ce, "Kai ka sa shi ciki. Ka je ka dawo min da shi."

A mota Wahabu bai fasa surutu ba. Ya tsokani direba, ya tsokani mai tallan wagashi, cukun Fulani, a Kara, ya gaya wa na kusa da shi cewa magana ce ta minti kaɗan, zai buɗe kwamfuta su ga ilimi. Sai da suka wuce Mango bakin ya fara bushewa, don ya fara tuna irin abin da ya ƙera.

Alassani na jiransa a gindin darbejiya, tsallaken ofishin jandarma, ido ja wur. Wahabu ya ce masa ya zauna nan tukuna, ya shiga shi kaɗai.

Shugaban wurin ba mugu ba ne, abin da ya fi ciwo ke nan. Mutum ne gajiyayye, da Hausarsa ta kasuwa. Ya karanta takardar jami'a, ya ba Wahabu kujera.

"Kai ne mai wannan abu? Madalla. Nuna mani kuɗi ya tafi wurin wa, tsoho ya kwana gida yau."

"Shef, ai kyawun tsarin shi ne…"

"Ban tambaye ka kyau ba."

Wahabu ya buɗe kwamfuta. Ga jerin lambobi, kowace tana cewa an kashe ta, babu wadda ta ce wa ya kashe, wa ya karɓa. Ya danna nan, ya danna can, gumi na bin tabarau. Shekarunsa na jami'a kaf ya ƙarar wajen toshe ƙofar nan da yake nema yanzu. Ko tsaga bai bari ba.

"In wanda ya karɓa ya zo da kansa fa, Shef?"

"Wayarsa zai nuna daga tsoho ne?"

"Ba za ta nuna ba."

"To kowa zai iya zuwa ya ce shi ne. Amma ya zo. Yaro a daji, yana karɓar kuɗi da ba shi da sawu. Ina so in gan shi ƙwarai. Ka san shi?"

Daidai nan aka shigo da Belel, ba rawani, ba takalmi. Wahabu bai taɓa ganin kansa a buɗe ba, ashe duk furfura ce. Aka zaunar da shi kusa.

"Ɗan mahauci, ka zo? Ina makahon kuɗin naka?"

"Baffa…"

"Na tambaye ka," in ji Shef. "Ka san shi?"

Sunan yana bakin Wahabu, harafin farko ma ya fito. Sai ya ji ƙafar Belel a kan tasa, ƙafa mai kaushi, tana dannawa har ƙashi. Tsohon bai kalle shi ba, bango yake kallo. Ranar shinge kunya ce ta rufe masa baki. Yau ya ga inda ake ajiye mutane, kuma ya san waye ke zaune a tsallake.

"Ban san shi ba, Shef."

Shef ya yi ajiyar zuciya, ya rufe kwamfutar, ya jawo ta gabansa tare da katin shaidar Wahabu. Ya ce abin ya fi ƙarfin ofishinsa, tsoho sai Lome, can za a bincika. Yaushe za a gama? Ya buɗe hannu.

Da za a fita da shi, Belel ya ɗan tsaya.

"Ka ce ba wanda zai sani. Ba ka yi ƙarya ba, ɗan Talle, aikinka ya yi kyau." Ya rage murya. "In ka ga wancan, ka ce masa jar saniya ta kusa haihuwa. Kada ya kwana a gari."

Wahabu ya fito, rana ta buge shi. Alassani ya taso da sauri, yana leƙen bayansa ko wani na biye.

"Yaya? In shiga?"

Wahabu, wanda ko a wurin makoki sai ya sami abin da zai faɗa a yi dariya, ya tare masa hanya. Ya kama hannun Alassani ya juya shi wajen tasha.

"Ya ce ka koma wurin shanu."

"Shi fa?"

Wayar Wahabu ta fara ruri a aljihu. Talle ne. Ya bar ta tana yi, ya ci gaba da jan Alassani, yana ƙara sauri.